Cire Takunkumin Nan Ka Yi Gudu: Wahalar Numfashi Ba Ita Ce Ƙarfin Huhu Ba

Ɗan'uwa, in kana cikin samarin Matazu da ke ɗaura kambas bayan sallar asuba su nufi filin makaranta ko bakin titi don yin gudu, wannan maganar taka ce. Ta fi zama taka in kana cikin waɗanda suka ƙara wa abin armashi, suna gudun da takunkumi a fuska, wai don huhu ya buɗe. Mun san inda aka kwaso abin. Bidiyoyi ne ke yawo a TikTok da Facebook: wani ƙato mai ƙwanji, baƙin takunkumi mai 'yan maɓallai ya cinye masa rabin fuska, yana gudu yana gurnani, a ƙasa an rubuta cewa wannan shi ne sirrin 'yan gudun Kenya. Wanda aljihunsa bai kai ga irin wancan ba sai ya lalubo na zamanin korona a ƙasan akwati, ko ya sayi shuɗin nan na kemis, ya ce ai duk takunkumi takunkumi ne.

A can gefe kuma ga masu tsoratarwa. Su a wajensu duk wanda ya yi gudu da takunkumi kashe kansa yake yi a hankali, wai yana sake shaƙar gubar da ya fitar, jininsa na lalacewa bai sani ba. Tun 2020 wannan saƙon yake zagaya guruf-guruf na WhatsApp, har yau bai gaji ba.

Ni dai a ganina duka ɓangarorin biyu sun saki hanya. Takunkumi garkuwa ce. An yi shi ne don ya tare ƙura da ƙwayoyin cuta, kuma a wannan aikin yana da rana. Amma ba ya gina huhu, ba ya ƙara jini, ba ya mayar da kai ɗan Kenya. Abin da yake yi maka a wajen gudu shi ne ya gajiyar da kai da wuri, ka yi ƙasa da abin da jikinka zai iya, sannan ka koma gida kana murna wai yau ka sha wuya.

Kuma maganar ta wuce ta gayu. Da yawanku ba don nishaɗi kuke gudun nan ba. Wani fom ɗin soja ya cike yana jiran ranar tantancewa, burinsa ya ga kansa a Defo ɗin Zariya, inda ake horas da kuratan sojan ƙasa tun 1924. Wani aikin ɗan sanda yake nema, wani sibil difens, wani kuma so yake koci ya daina ajiye shi a benci. Wanda ya faɗi a gudun tantancewa ba kunya kaɗai ya kwasa ba. Kuɗin mota, kuɗin takardu, buhun masarar da Baba ya sayar don a yi masa guzuri, da watannin jira, duk sun tafi a banza. Mai irin wannan a gabansa bai kamata ya ɗora atisayensa a kan bidiyon daƙiƙa 30 ba.

Me ke faruwa a ƙirjinka?

Yanzu da kake zaune kana latsa waya, iskar da ke shiga huhunka ta fita a minti ɗaya ba ta wuce lita 6 zuwa 8 ba. Ko ƙaramin bokiti ba za ta cika ba. Amma in ka tashi ka zuba a guje iya ƙarfinka, buƙatar tana iya haura lita 100 a minti ɗaya, wato jarka huɗu masu cin lita 25, kowane minti. Duk wannan iskar ta hanci da baki za ta bi. To sai kai kuma ka zo ka rataya ƙyalle a bakin ƙofar.

A zaune ko a tsaye ba za ka ji komai ba, shi ya sa likitan tiyata yake shafe awanni da takunkumi yana aikinsa lafiya ƙalau. Da gudu ya yi gudu ne abubuwa uku ke taruwa a kanka. Na farko, tsokokin numfashi, wato na tsakanin haƙarƙari da faffaɗar tsokar nan da ta raba ƙirji da ciki, dole su ƙara yunƙuri kafin su jawo iska ta cikin ƙyallen. Su ma fa tsokoki ne, suna cin rabonsu na jini da oksijin, rabon da ƙafafunka ke jira. Na biyu, gumi da tururin baki suna jiƙa ƙyallen, shi kuwa jiƙaƙƙen ƙyalle mannewa yake a baki duk lokacin da ka ja numfashi. Na uku zafi. In fuska ta ɗume, numfashi ya yi nauyi, ƙwaƙwalwa sai ta fara ce maka ka sassauta, alhali ƙafafu ba su ce sun gaji ba.

Wannan ba shaci-faɗi ba ne, an gwada. A 2020 wasu likitoci a birnin Leipzig na Jamus sun ɗora lafiyayyun maza 12 a kan keken motsa jiki, kowa ya tuƙa har ƙarfinsa ya ƙare, sau uku: sau ɗaya fuska a buɗe, sau ɗaya da takunkumin asibiti, sau ɗaya da mai kauri irin N95. Suka ga iskar da ke shiga da fita ta ragu da na asibiti, ta ƙara raguwa sosai da mai kaurin, ƙarfin da mutanen suka iya kaiwa ma ya sauka, musamman da mai kaurin. A wannan shekarar dai, a Jami'ar Saskatchewan ta Kanada, an yi makamancin gwajin da mutum 14, maza da mata, su kuma ba su ga wani bambancin a-zo-a-gani ba, ko a tsawon lokacin da mutanen suka jure ko a yawan oksijin ɗin da ke jininsu. Sai a 2021 aka wallafa wani da aka yi a jihar Texas ta Amurka, wanda shi ya fi kusa da kai, don a kan injin gudu aka yi shi, kuma da matasa 31 'yan shekara 18 zuwa 29. Da takunkumin ƙyalle, lokacin da suka jure ya ragu da kashi 14 cikin 100. Kamar a ce mai iya jure minti 20 ne ya tsaya a minti 17 da 'yan kai.

Ka lura da kyau. Waɗannan binciken uku sun saɓa a kan yawan abin da takunkumi ke ragewa, wani ya ce da yawa, wani ya ce kusan babu. Amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya ce mai takunkumi ya fi mai buɗaɗɗiyar fuska juriya. In ka yi sa'a ka tashi canjaras, in ba ka yi ba ka yi asara.

Su kuma masu cewa guba kake shaƙa, su kwantar da hankalinsu. Ƙwayoyin oksijin da na iskar kabon da muke fitarwa ƙanana ne ƙwarai, ramukan ƙyalle a wajensu kamar ƙofar gari ce a wajen tururuwa. Ɗan abin da ke maƙalewa tsakanin fuska da ƙyalle kaɗan ne in ka gwada shi da iskar da kake ja a numfashi guda. Lafiyayyen matashi ba zai mutu don ya yi sassarfa da takunkumi ba. Sai dai ka ji abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020, a tsakiyar annobar korona, lokacin da take roƙon kowa ya rufe fuska a cikin jama'a: ta ce kada a sa takunkumi yayin motsa jiki mai tsanani, a bar tazarar aƙalla mita ɗaya tsakani. Dalilanta su ne wahalar numfashi da saurin jiƙewar ƙyalle. Lokacin nan ne fa da abin ya kai har Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta takunkumi a wuraren taruwar jama'a, a Janairun 2021. In a wancan lokacin an ɗauke wa mai gudu, yanzu wa ya ɗora maka?

Wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa

Mu dawo kan maganar Kenya, don ita ce ke ruɗar mutane. Gaskiya ne 'yan gudun Kenya da Habasha suna da wata riba da ta shafi iska. Garin Iten, inda 'yan gudun duniya ke tururuwa don atisaye, yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400 daga doron teku. Kaptagat, sansanin su Eliud Kipchoge, shi ma a irin wannan tsayin yake. Addis Ababa ta haura mita 2,300. Duniya ta farga da abin ne a gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, mai tsayin mita 2,240, inda Kipchoge Keino na Kenya ya ci gudun mita 1,500, Naftali Temu, shi ma ɗan Kenya, ya ci na mita 10,000, Mamo Wolde na Habasha ya ci gudun famfalaki. Ko a nan gida, da yawa daga cikin gwanayen gudun dogon zango na Najeriya daga tuddan Filato suke fitowa, musamman yankin Pankshin.

To me tudu ke yi wa jiki? A can sama kason oksijin a cikin iska bai canza ba, kashi 21 ne cikin 100, daidai da na Matazu. Abin da ke raguwa shi ne matsin iskar, don haka kowane numfashi oksijin kaɗan yake iya turawa cikin jini. In mutum ya zauna a haka dare da rana, sai ƙodarsa ta riƙa sakin wani sinadari da ake kira EPO, shi kuma ya sa ɓargo ya ƙara ƙera jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne 'yan dakon oksijin zuwa tsoka. Wannan aikin makonni ne, uku zuwa huɗu aƙalla, kuma sai mutum yana kwana yana tashi a wurin. Waɗanda aka haifa a can kuwa tun suna rarrafe jikinsu ke wannan aikin.

Takunkumi ba ya rage matsin iska. Iskar Matazu ce dai ke shiga, ƙofar ce kawai ka ƙuntata. Kamar ka sha fura ne ta siririn bututu: ka sha wuyar zuƙa, amma furar ita ce dai. Minti 30 na gudu da ƙyalle a baki ba zai sa ƙodarka ta ɗauka cewa ka tare a Iten ba.

Shi kansa baƙin takunkumin nan na 'yan bidiyo an gwada shi. A 2016 masana a Jami'ar Wisconsin da ke La Crosse a Amurka sun sa mutum 24 atisayen keke na mako shida, rabi da shi, rabi babu. Duka rukunin biyu sun ƙara ƙarfi, tunda duka sun yi aiki. Don a yi adalci, masu takunkumin sun ɗan samu ƙari a wasu ma'aunai na juriya. Amma jininsu bai canza ba, kuma masu binciken suka ce abin ba ya kwaikwayon tudu, ya fi kama da na'urar motsa tsokokin numfashi. To ka ga ko shi mai maɓallan bai yi abin da ake tallarsa da shi ba, balle shuɗin kemis. Kuma a jikin lafiyayyen matashi yawanci ba huhu ne ke fara gazawa a gudu ba. Zuciya ce, da yawan jinin da take iya harbawa, da tsokar ƙafa da yadda take iya cin oksijin ɗin da aka kawo mata. Waɗannan kuwa gudu ne ke gina su.

Wahala daban, riba daban

Ga inda asarar take. Jiki yana ƙaruwa ne da aikin da ya yi. Zuciyarka ba ta san ka sha azaba ba, abin da ta sani shi ne jinin da ta harba da tsawon lokacin da ta yi tana harbawa. Ƙafafunka ma saurin da suka saba yi suka sani. Gudun kilomita 3.2 da aka saba yi a gwajin soja zagaye takwas ne na fili mai mita 400. In takunkumi ya sa ka tsaya a zagaye na biyar, ko ya sa ka yi takwas ɗin da saurin mai zuwa cin kasuwa, to ranar jinkiri ka koya wa ƙafafunka. Ranar tantancewa kuma abin da ka koya musu shi za su ba ka.

Kai ɗan manomi ne, ba sai an yi maka dogon bayani ba. Wanda ya shiga gona da dakusasshiyar fartanya ya fi kowa gumi, ya fi kowa kanta a hannu, amma da la'asar kunyoyinsa sun fi na kowa kaɗan. Ba mai ce masa gwarzo. Ce masa za a yi ya kai ta maƙera.

Wani zai ce, ai dabarar ita ce in saba da wuya, ranar gwaji in na cire sai in ji kamar ina tashi sama. E, za ka ji sauƙi, kamar yadda mai takalmin da ya matse shi ke jin sauƙi in ya cire. Amma masu tantancewa ba sa tambayar yadda ka ji. Agogo suke dubawa, ko su ƙirga waɗanda suka riga isowa.

Abin da ke gina gudu ba ya yin kyau a bidiyo, shi ya sa ba ka cika ganinsa ba. Kwana uku ko huɗu a mako ka yi gudu mai sauƙi na minti 30 zuwa 40, irin wanda za ka iya hira da abokinka a cikinsa. Rana ɗaya a mako ka ware ta don sauri: zagaye ɗaya na fili da ƙarfi, ka huta da tafiya, ka sake, sau shida ko takwas. Ka riƙa ƙara nisa kaɗan-kaɗan, kada ka yi tsalle daga kilomita biyu zuwa goma don ka ga wani ya ɗora hoto. Ka sha ruwa, ka ci abinci mai riƙe jiki, wake da gyaɗa da ƙwai da fura da nono duk ga su a gida, ka kuma yi barci maimakon raba dare kana kallon waya. Ka fara wata biyu ko uku kafin ranar, don ba a fafe gora ranar tafiya. In kuma da gaske huhunka kake so wa alheri, sigari da shisha za ka fara ajiyewa. Mai busa hayaƙi da dare ya ɗaura takunkumi da asuba wai yana gina huhu, wallahi kansa yake yaudara.

To hazo fa?

Na san abin da za ka ce: malam, ka manta da hunturu? Ban manta ba, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da mai takunkumi yake da ita. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso mana ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda masana ke lissafawa a sahun farko na wuraren da ke tayar da ƙura a duniya. Ita ce ke zuwa ta dushe rana, wani lokaci har ta hana jirage sauka a Kano. Wasu ƙwayoyin ƙurar sun yi ƙanƙantar da gashin hanci ba ya tare su, sai can cikin huhu. Ka kuma tuna lissafinmu na ɗazu: mai gudu yana jan iska fiye da ninki goma na mai zaune, kuma yawanci ta baki, inda babu matatar hanci. Wato ranar hazo mai gudu ya fi kowa cin ƙura. Shi ya sa hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, takan gargaɗi jama'a, musamman masu asma, duk lokacin da ta hango hazo mai kauri.

Amma duba hujjar da kyau, ta kariya ce, kuma kariyar ba kyauta take zuwa ba. Takunkumin N95, in ya zauna daidai a fuska, yana tare kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyin ƙura, amma shi ne ya fi danne numfashi. Shuɗin kemis ya fi sauƙin shaƙa, amma iska na zurarewa ta gefensa. Ƙyalle mai falle ɗaya kuwa manyan ƙura kawai yake tarewa. Babu wanda zai ba ka cikakkiyar kariya da cikakken sauri a lokaci guda.

Don haka ka zaɓi ranakunka. Ranar da hazo ya yi kaurin da ba ka hango ƙarshen fili sosai, wannan ba ranar gudun sauri ba ce, da takunkumi ko babu. Ka zauna a ɗaki ko a zaure ka yi tashi-tsuguna, ka miƙe jijiyoyi, ka ƙarfafa ciki da hannu. Ranar da ƙurar ke da sauƙi kuma dole sai ka fita, ka sa takunkumin, ka tsaya a sassarfa, ka riƙe na biyu a aljihu don canji in na farko ya jiƙe. Ranar da gari ya yi garau, ka cire ka ba ƙafafu haƙƙinsu.

Ko manyan 'yan gudu haka suke yi. Galen Rupp na Amurka ya shiga gudun mita 10,000 na gasar ƙasarsu a garin Eugene a 2011 sanye da takunkumi, kuma ya ci. Dalilinsa shi ne garin furannin da ke yawo a iskar wurin yana tayar masa da ciwo. Bayan shekara ɗaya, a Olamfik ta Landan a 2012, ya ci azurfa a wannan gudun fuskarsa a buɗe. Inda akwai abin tarewa ya sa, inda babu ya ajiye.

Inda takunkumi ya fi rana

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, yaron da ke rufe fuska don ya yi gudu a tsabtatacciyar iskar damina, shi ne za ka gani da kaka tsaye a bakin injin casa fuska a buɗe, ƙaiƙayi har cikin gira. Yankinmu, daga Matazu da Musawa zuwa Malumfashi, Ƙafur, Bakori da Funtuwa, yankin masara ne da dawa da waken suya da auduga. Mu muka san ƙurar sussuka da ta shiƙa, da ta tsohon rumbu, da ta wurin gurzar auduga, wadda likitoci suka daɗe da sanin tana jawo ciwon ƙirji ga masu daɗewa a cikinta. Ga ɗan acaba da ke bin bayan babbar mota a hanyar da ba kwalta. Nan ne wurin takunkumi, nan ne N95 ke biyan kuɗinsa.

Wajen feshi kuwa abin ya fi haka. Ƙyalle ba ya tare tururin maganin ƙwari ko na ciyawa, in ma ya jiƙe da maganin riƙe maka shi yake a baki. Feshi yana son takunkumin roba mai matata, da riga mai dogon hannu, da safar hannu, ka ba iska baya, ka yi wanka da zarar ka gama. Huhun da ka cika da ƙaiƙayi da magani ran Talata, shi ɗin dai za ka kai fili ran Laraba.

Ke ma 'yar'uwa da ke sa takunkumi in za ki fita, don sutura ne ko don ƙura ko don ado, ba da ke ake ba. Tafiya da shi ba ta rage miki komai. Amma in tsallen igiya kike yi a tsakar gida ko wani motsa jiki mai sa haki, ki cire ki shaƙi iska.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su yi wasa da numfashinsu ba ko kaɗan: mai asma, mai ciwon zuciya, mai sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya jinin AS yake da shi. Yawancinsu lafiyarsu ƙalau, suna noma suna ƙwallo, amma wahala mai tsanani in ta haɗu da zafi da ƙishirwa tana iya kayar da mai AS fiye da mai AA. In ba ka san naka ba, ka je ka yi gwajin kafin ka fara atisaye mai nauyi. Kuma kowa ne kai, in ka ji jiri, ko ciwon ƙirji, ko ganinka ya fara duhu, ka tsaya nan take. In bayan gudu ka ga fitsarinka ya koma kalar baƙin shayi, asibiti za ka nufa, ba gida ba. Mai zazzaɓi ko mura mai ƙarfi kuwa hutu ne nasa, kada ya ce zai rufe fuska ya fita gumi ya kore ta.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ba za ka same ta a binciken Jamus ko na Kanada ba. Ba sai an gaya wa ɗan Matazu ko Musawa ko Ƙanƙara halin da ake ciki na tsaro ba. Ga jami'ai, ga dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, ga 'yan sintirin unguwa, kowa a ɗar-ɗar yake. Ka sa kanka a matsayin wanda ya kwana yana gadi bai runtsa ba, sai ga mutum ya ɓullo cikin duhun asuba a guje, fuska a rufe da baƙin abu. Me kake so ya ɗauka? A garin da kowa ya san kowa, fuskarka ita ce katin shaidarka. Ku fita a rukuni, bayan gari ya ɗan waye, a cikin gari ko a filin makaranta, kuma masu tsaron unguwa su san da ku.

In har yanzu kana ganin mai bidiyon nan ya fi ni gaskiya, abin da sauƙi. Wayarka tana da agogon auna lokaci. Ka zaɓi safiyar da gari ya yi garau, ka yi zagaye takwas fuska a buɗe, ka rubuta lokacin. Ka huta kwana biyu, ka koma filin a daidai wannan lokacin, ka maimaita da takunkumi, ka rubuta. Ku yi ku huɗu ko biyar don kada a ce jikin mutum ɗaya ne. Sakamakon da kuka samu shi za ku ɗora a shafukanku, ƙannenku masu shirin cike fom baɗi su gani. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma gudun da numfashi ake yinsa. Allah Ya ba masu nema sa'a, Ya kuma zaunar mana da yankinmu lafiya.